Kalmar da Na Ɗauko a Bariki

Malam, ka taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina. Ni tsohon soja ne. Karatuna ya tsaya a aji uku, sauran Turancin a bakin saje na tsince shi. Bayan yaƙi na zo Hajji na zauna, yau shekara tara ina tuƙa motar ruwa a unguwar Ƙuba ta Madina.

A bariki, in kurtu ya yi abin kirki, saje kan buga masa kafaɗa ya ce masa basta. Na san zagi ne, amma na ɗauka irin na wasa ne. Haka nake kiran ɗana Lawali tun yana rarrafe.

Ranar walimar saukarsa ta Alƙur'ani, ɗaki cike da ɗaliban jami'a 'yan ƙasarmu, daɗi ya kwashe ni na faɗa masa kalmar da ƙarfi. Wani ɗalibi, Shittu, ya ce ma'anarta ɗan da ba na aure ba, kuma kan uwa zagin yake sauka. Matata Innayatu tana bayan labule. Kwana ashirin ke nan ba ta ce mini uffan ba, ta aika wa yayanta ya zo ya ɗauke ta. Na gwada raha, abin da na iya ke nan, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shin ƙazafi na yi mata?

Tsohon Kofur, Madina

Kofur, Shittu bai yi maka ƙari ba. Kalmar daga tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi. Wasu masana na danganta ta da sirdin alfadari da fatake ke kwana a kai, wato ɗan da aka samu a hanya. Yawan faɗi ya sa ta zama zagin wasa a bakin sojoji, amma asalin bai goge ba.

Na yarda ba ka yi nufin jifanta ba. Hukuncin kuwa, malamai na kusa da kai, ka tambaye su. Sai dai Innayatu ba niyyarka ta ji ba, abin da mutane suka ji ta ji. A gaban jama'a ka faɗa, a gabansu za ka janye. Tara waɗanda suka zo walimar, da yayanta, ka shaida mutuncinta tana ji, ba dariya ko ɗaya. Ka nemi gafarar Lawali shi ma. Kada ka matsa mata ta amsa a ranar.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya zaunar da gidanka lafiya.