Nonon da Na Hana Ki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Zuwaira, wadda ke kwance gabas da garinmu a ƙasar Ollelewa.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Ni ce Habi, 'yarki ta fari. Na tsufa, Inna, na ma fi ki tsufa nesa ba kusa ba. Ban iya rubutu ba. Ni nake faɗa, jikata Hadiza tana rubutawa. Aikin jinya take yi a gidan likita a Damagaram, kuma wata maganarta ce ta hana ni sukuni har na ce ta ɗauko takarda.

Kin tuna ranin da aka kwashi maza aikin hanya na Nasara, har da Baba? Masu lissafi sun ce alif ɗari tara da ashirin da 'yan kai ke nan. Ke kika koma zuwa rijiya da takarkarinmu, ga Auta goye a bayanki, haihuwarki ta bakwai. Kin sunkuya za ki warware igiyar guga daga ƙafar sa ɗin, ya harbe ki a muƙamuƙi. Aka kawo ki gida baki a karkace.

Maɗorin da aka ɗauko daga Gangara mutumin kirki ne, ba zan ci namansa ba. Ya daidaita ƙashin da yatsunsa, ya ɗaure ki da sawayen saƙi daga haɓa zuwa tsakar ka, ya ce kwana arba'in ba tauna ba magana, sai kunu ruwa-ruwa ta cikin kara. Da zai tafi ya dube ni, don ni ce babba a gidan, ya ce, "Kada farin abu ya shiga bakin nan. In ta sha nono, ciwon zai yi mugunya." Haka kowa ya sani a garinmu, ba shi ya ƙago ba.

Ni kuwa, da shekaruna goma sha biyar da kaina mai kama da dutse, na riƙe maganar nan kamar aya. Kunun gero nake tace miki safe da yamma, tsararo, har ina ganin gindin ƙwarya. Saniyarmu tana ba da nono, awaki biyu ma haka. In na shigo da ƙwaryar tatsa sai ki bi ta da ido, ki nuna ta da yatsa, ki nuna bakinki. Sai in girgiza kai, in ɗora ta can sama inda hannunki ba ya kaiwa. Har yabona maƙwabta suke yi, wai yarinya ta iya jinya.

Duk wannan kuma Auta yana manne a ƙirjinki yana tsotso.

Ranar arba'in aka kwance ɗauri. Maɗori ya taɓa, ƙashi ya motsa a hannunsa kamar jiya ya karye. Ya mayar da ɗauri, ya ƙara ja mini kunne a kan nono, ni ma na ƙara tsanani. Sai da aka yi wata huɗu ya kama, a karkace. Ba ki sake tauna komai ba. Tuwo sai an dama miki shi, magana sai mun kasa kunne. Shekara huɗu kika yi a haka kina ramewa, kika tafi.

Watan jiya Hadiza take ba ni labarin wani da suka yi wa ɗorin muƙamuƙi, wai kullum madara suke ɗura masa. Na ce za su kashe ɗan mutane. Ta yi dariya, ta ce akwai wani sinadari, kalsiyam sunansa, da shi jiki yake gina ƙashi, kamar yadda ake gina bango da laka. Nono cike yake da shi, tsararon kunu kuwa ba komai. Ta ce mai shayarwa, in ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta ake cira a ba jariri. Da ta ga fuskata ta canja, na ba ta labarinki, sai ta shiga lallashi, wai ɗaurin tsumma ma ba ya riƙe ƙashi sosai, ba za a ce nonon kaɗai ba ne. Na ji ta. Amma ba ita ta ga yatsanki ba.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, yau sai ya fita. Rabonki na nonon nan ba zubarwa nake yi ba. Ni nake shanyewa a bayan rumbu, don kada ki gani ranki ya ɓaci. Na yi ƙiba a shekarar, har ana tsokanata. Yau ga ni tsohuwa tukuf, ban taɓa karaya ba, da haƙorana nake tauna goro. Ƙashinki nake yawo da shi, Inna, kuma abin yana mini ciwo.

Ki yafe mini. Jikinki ya san abin da yake nema, ya roƙe ni, na hana shi.

Allah ya gafarta miki, ya yalwata makwancinki. Ya tashe ki da baki lafiyayye, ya shayar da ke daga koramar madara ta Aljanna har ki ƙoshi, ba mai ɗauke miki ƙwarya. Amin.

'Yarki mai neman gafararki,
Habi