Raƙuman Maigari a Jirgin Shahata

Zuwa ga Yayana Bayyumi, a Iskandariyya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu dai muna nan da rai. Inna ƙafarta ta yi sauƙi, amma tun ranar ba ta ƙara zuwa bakin Kogin Nilu ba.

Na san labari ya riga ni zuwa, an ce maka maigidana Shahata ya kashe mutum arba'in da ɗaya da gangancinsa. Yaya, ina bakin gaɓa ina wanki, da idona na gani. Ranar kasuwa ce, kogi ya cika ya yi ja. Jirgin fito ya riga ya cika da mata da kwandunan albasa, sai ga maigari da raƙuma biyu ɗauke da auduga. Shahata ya ce masa ya yi haƙuri sai sahu na biyu, jirgin ba zai ɗauka ba. Maigari ya tambaye shi ko tun yaushe mai tuƙi ya fara ba shi umarni, ya sa aka zabga masa bulala a gaban jama'a, aka tura raƙuman ciki. Shi kuma maigari ya tsaya a tudu.

Suna kaiwa tsakiya raƙumi ɗaya ya firgita ya miƙe, jirgin ya kife. Shahata ya fito da mata uku, ya koma don ya ɗauko ta huɗu, bai dawo ba. Kwana biyar muna tsintar gawa a cikin kyauro.

Da magatakardan gwamnati ya zo, gidan maigari ya sauka, ya ci tantabaru, ya rubuta cewa kwaɗayin mai fito ne ya jawo hatsarin. Waɗanda suka ga bulalar duk sun ce rana ta kashe musu ido. Har matan da Shahata ya ceto, ko ɗaya ba ta buɗe baki ba. Yanzu in na je gidan burodi sai a ja tsaki, ana kiran 'yata Mabruka 'yar mai kisa.

Kai ka iya alƙalami, Yaya. Ka rubuta yadda na faɗa maka, ka adana, domin in Mabruka ta girma ta san an doki ubanta kafin ya tura jirgin.

Ka gaishe da matarka Zannuba, da Kawu Radwan. Inna tana sa maka albarka.

Ƙanwarka,
Bahiyya