Kwanon da bai dawo ba

Damagaram, daren Laraba, shekara ta biyu da fari

Kwana shida kwanona yana gidan maƙwabciyata Iya Fanna. Ran Alhamis na aika mata da tuwon dawa, shiru. Na yi ta cika ina batsewa: don ni Kirista ce take ƙyamar kwanona?

Abin haushi, duk lokacin da na durƙusa ina roƙon Ubangiji ya yi mini magana, sai kwanon nan ya faɗo mini a rai. Har na tsawata wa Shaiɗan, ina zaton shi ke kawo mini tunanin!

Yau da la'asar haƙurina ya ƙare, na tafi karɓo abina. Murhunta sanyi ƙalau. Ga kwanon a kife, a wanke tas.

Ta sunkuyar da kai ta ce, "'Yata, kunya ce. Yaya zan mayar miki da shi wayam? Ko ƙwayar gero babu a gidan nan."

Na koma gida na raba ɗan geronmu biyu na kai mata.

Ya Yesu, ashe kwana shida kana yi mini magana, ni kuwa ina korarka don ka bar ni in yi addu'a.