Kada A Toshe Wa Mai Kwalli Hanya

Zuwa ga Mai Girma Magajin Garin ƙauyenmu na kan tsaunukan Alp,

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da kyau, kai da iyali da ma'aikatan meri, wato ofishinka, baki ɗaya. Allah ya sa dusar ƙanƙarar bana ta zo da wuri, ta kuma daɗe.

Sunana Sanusi Ɗan Mairo. Ka san ni ko da ba ka riƙe sunan ba. Ni ne mai jar hular nan da ke tsayawa a gindin kujerun da waya ke ja zuwa kan dutse, ina tare wa masu wasan siki kujera har su zauna. In ƙanƙara ta narke kuma, ni ke kiwo da tatsar shanun Baba Emil, tsohon da gidansa ke bayan coci. Daga Gangara nake rubuto maka, garinmu a Nijar, inda nake zuwa hutu tsakanin saukowar shanu da zuwan sanyi. Da Hausa na rubuta, don in na yi fushi da Faransanci sai abin ya fito kamar ina roƙo. Ɗiyata Habsatu da ke karatu a lakol a garin Agiye za ta juya maka, na kuma hana ta sassauta ko kalma ɗaya.

Na farko. Ina jin daɗin garinku, wallahi, kuma ba na jin kunyar faɗa. Zuwana na fari na ɗauka mutanen sun taɓu. A ɗauki babban mutum da furfurarsa a kai shi ƙololuwar dutse, ya ɗaura katako biyu a ƙafa ya sulalo, yana isowa ƙasa ya sake shiga layi! Da na ba mahaifiyata labari ta tambaye ni me suke ɗaukowa a can sama. Na ce ba komai. Ta ce to Allah ya ba su lafiya. Amma wannan wasan ne ya yi mata rufin kwano, shi ke riƙe da Habsatu a lakol. Na saba da garin yadda yake. Da sanyi ya cika maƙil, otel-otel ba masaka tsinke, layin mai burodi har bakin titi, yara na faɗuwa suna tashi suna dariya. Ƙanƙara na tafiya a rufe tagogi, gari ya koma namu mu da shanu, ba ka jin komai sai ƙararrawar wuyansu. Mai burodi na ajiye mini nawa ko na makara. A ɗakin ma'aikata an ware mini kusurwar da nake salla, ba wanda ya taɓa taka ta da takalmi. Ba ni da abin cewa sai godiya.

Na biyu. Ina da saniya a garinku, kuma a kanta nake wannan magana. Wata rana muna dafa madarar cuku a bukkar kan dutse na ba Baba Emil labarin habbanaye, al'adar maƙwabtanmu Fulani. Mai shanu yakan ba wanda ba shi da ita karsana ya riƙe. Ta haihu sau uku a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar garken da ta fito, da godiya da mutunci. Tsohon ya ci gaba da juya madararsa. Sai da muka sauko ya kamo wata jar karsana mai baƙin zobe a ido, ya damƙa mini igiya, ya ce in gwada masa wannan al'ada tamu ya gani. Na raɗa mata Mai Kwalli. Ta haifa mini biyu, duka mata, yanzu tana ɗauke da na uku. Ardo Jaɓɓi na nan Gangara ya ga hotonta ya ce ƙahon abin tausayi ne, amma hantsar kam sai dai a ce tubarkalla.

Na uku, ga inda ciwon yake. Matar Baba Emil, Madam Odet, ta kira ni a waya. Ta ce majalisarku ta amince a gina sabon otel da wurin ajiye motoci a filin bayan coci, daidai kan hanyar da shanu ke bi daga turke zuwa dutse, har da kwamin dutsen da suke shan ruwa a ciki. Mu burtali muke ce wa irin wannan hanya. Ta ce an gaya musu kada su damu, za a riƙa kwasar shanun a kamyo, babbar motar kaya, a zaga da su ta titin kwalta. An kuma ce baƙi na ƙorafin kashin shanu a hanya. Haba, ranka ya daɗe! Baƙin nan da ke tsayawa suna ɗaukar Mai Kwalli hoto har su hana mu wucewa? Su ne kuma ke sayen cukun su cika jaka.

Baba Emil ya ce shi ba zai tura saniya mai ciki cikin kamyo ba, kakansa da ƙafa ya hau dutsen nan. Ya ce ranar da aka zuba siminti a burtalin, ranar zai kira mai saye ya kwashe garken duka. Na san shi, ba ya barazana. Kuma garke uku kaɗai suka rage a garin, nasa ne babba.

A wajenmu na ga yadda burtali ke mutuwa. Wannan ya ci taku ɗaya da garma, wancan ya ƙara, shekara na zagayowa sai ka ga shanu a cikin gero, manomi da makiyayi a gaban jandarma, alhali jiya tare suka sha fura. Ban taɓa ganin burtalin da aka rufe aka sake buɗewa ba.

Na huɗu. Ba zan koya maka aikin dutse ba, kai ɗan makiyayi ne, an ce har ka riƙe sanda kafin ka shiga buro ka kama alƙalami. Kai da bakinka ka faɗa a bikin saukowar shanu cewa gangaren da shanu suka aske shi ke riƙe ƙanƙara, wanda ciyawa ta yi tsawo ta kwanta kuwa ƙanƙara zamewa take yi a kai. Ina wurin, na tafa maka. To ashe aikina na sanyi ma daga bakin Mai Kwalli yake fitowa.

Ga roƙona. Ba na ce kada a gina otel ba, a gina, baƙi su ƙaru, ni ma riba ce gare ni. A matsa da shi kaɗan, a bar wa shanu faɗin da biyu za su wuce kafaɗa da kafaɗa, a bar kwamin inda yake. Kashin da ake magana kuwa ni na ɗauki nauyinsa, ina da shebur, ba yau na fara ba. Sannan kafin a kafa ko turke ɗaya, ka taka da kanka gidan Baba Emil ka zauna da shi. Shi ba zai zo meri ba, girman kai gare shi kamar duk tsohon makiyayi.

In Allah ya yarda Mai Kwalli za ta haihu kafin ƙanƙara ta narke. Daga nan alkawari ya cika, sai in wanke ta, in ɗaura mata sabuwar ƙararrawa, in ja ta da hannuna in mayar wa mai ita. Ƙararrawar ma na riga na ba maƙerin Cadawa ya ƙera, tana cikin jakata. Tun da aka damƙa mini igiyar nan nake jiran wannan rana, na fi ɗokinta a kan 'yan maruƙan da na samu. Mutum ya yarda da ni a ƙasar da ba ni da kowa, ina so in nuna masa mu ma mun iya mayar da amana. In aka sayar da garken, ranka ya daɗe, wane garke zan mayar da ita?

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya cika garinmu da baƙi, ya bar mana shanunmu a ciki.

Wassalam.

Sanusi Ɗan Mairo,
Gangara.