Bulo Mai Yatsu Uku

Assalamu alaikum, Kaka. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa kana cikin hutu da rahama. Ni ce Ladi, jikarka, wadda kake kira matarka mai kunya.

Na rubuto ne in gaya maka na isar da saƙonka. Na makara da shekara biyu, kuma laifina ne.

Ka tuna ranar da na kawo maka kunu da hantsi, kwana kaɗan kafin ka rasu? Ba kowa a ɗakin sai ni. Ka riƙe hannuna da hannunka na dama, wanda yaƙi ya bar wa yatsu uku, ka ce a je ƙauyenku na wajen garin Sarkin Hausa, a ce wa ƙanenka Sallau ya yafe maka. Na ce to. Da na fito na ga Baba da kawunnai zaune, sai bakina ya mutu. Kullum ina cewa gobe zan faɗa. Aka yi sadakar arba'in ban faɗa ba, har na gama lakwal, makarantar boko, maganar na cikina.

Ban ma san me ya raba ku ba, sai bana da na tambayi Gwaggo Habsu, babbar ɗiyarka, muna surfe. Ta ce kana saurayi aka ɗebe ka soja, aka kai ka bayan teku ka yi wa Faransa yaƙi. Da aka harbe ka a hannu sai aka maida ka aikin gini a bariki, a can ka koyi gasa bulo. Ka dawo gida, ka haƙa laka a bakin tabki, ka yi akwatin katako, ka jera bulo ka kunna musu wuta. Duk yankin ba wanda ya taɓa ganin haka. A wajenmu mata ne ke gasa laka, su yi tulu da tukunya. Sai mutane suka riƙa cewa soja ya dawo ya zama mai tukwane. Sallau ya ji kunya, ya faɗa maka haka gaban jama'a, kai kuma ka mare shi. Ka bar bulon a jere, ka taho Tasawa, ba ka sake komawa ba.

Sauran na sani. Na san shaguna da ɗakunan da ka gina, na san yadda kake danna hannunka a kan kowane bulo tun yana ɗanye. Ina ƙarama idan muka je kasuwa kakan nuna mini bango ka ce, “Duba, matata, ga sa hannun mijinki, ban iya na takarda ba.”

Da Gwaggo ta gama ba ni labari sai na fashe da kuka, na gaya mata saƙon da na riƙe. Ta ajiye taɓarya ta ce, “Ke Ladi, shekara biyu? In tsohon nan ya mutu fa?” Ban taɓa kawo wannan a raina ba, Kaka. Tun daga lokacin abinci ya daina shiga.

Ranar kasuwa muka hau mota ni da ita, daga baya muka samu amalanke mai komawa ƙauyen. Na ɗauko bulo ɗaya daga bayan ɗakinka na ƙulle a zane, don na san halina, ina tsoron kada magana ta sake ƙi fita.

Mun iske shi da rai. Yana zaune a inuwar itacen bedi, idanunsa sun tafi, amma goshinsa naka ne sak. Gwaggo ta gaishe shi, ta zungure ni. Na durƙusa, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai kawai na kwance zanen na ɗora masa bulon a cinya.

Ya shafa shi a hankali. Da yatsunsa suka faɗa cikin ramukan nan uku sai ya tsaya. Sannan ya ce, “Yaya ne. Yana ina?”

A nan muryata ta fito. Na ce ka rasu shekara biyu da suka wuce, na ce ka ce ya yafe maka, na ce kuma ni na riƙe saƙon.

Ya miƙe tsaye. Ya ce in kama sandarsa in ja shi zuwa rijiyar garin. Da muka isa ya ce in sa hannu a bakinta ta ciki. Kaka, yatsunka ne a ko'ina, har ƙasa inda ido ke iya kaiwa. Ya ce bayan tafiyarka rijiyar ta rufta sau biyu saboda rairayi, shi da kansa ya kwaso bulonka a kan jaki aka ɗaure ta, tun daga nan ba ta ƙara ruftawa ba. Ya ce, “Kullum ruwansa nake sha, kullum ina cewa baɗi zan je Tasawa. Ke taki kunyar shekara biyu ce. Tawa ta fi sittin.”

Sannan ya ce ya yafe, duniya da lahira, ya ce kai ma ka yafe masa. Ban san ko ina da ikon amsawa a madadinka ba, amma na ce ka yafe. Idan na yi karambani ka gafarce ni.

Da za mu taho ya ƙi mayar mini da bulon. Ya ce tunda ka mutu shi ya gaje ni, in shirya, amma shi ba ya son mace marar magana. Har Gwaggo sai da ta yi dariya. Baba ya ce bayan girbi zai je ya ɗauko shi, ya zo ya ga kabarinka.

Allah ya jiƙanka, Kaka, ya haskaka kabarinka, ya sa kowane guga da aka ja daga rijiyar nan ya zama lada gare ka. Amin.

Jikarka, matarka mai kunya,
Ladi