Kwalbar da Ba a Buɗe Ranar Biki Ba

Dona Otília, ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan.

Shekara talatin na yi ina koyar da harshen Latin a garin Lamego. Yau ga ni a wata gonar inabi a bakin kogin Douro, ina tsiyaya wa 'yan yawon buɗe ido giya. Jirgin ruwa ya sauke su, su kurɓa don ɗanɗano kawai, su tofar a bokiti, su ɗauki hoto, su tafi. Ƙarshen ilimina ke nan.

Ranar Litinin sai ga 'yata Graciete a cikinsu. Rabona da ita shekara goma sha biyu, tun da ta bar jami'a ta auri magini, na ce ban haifi matar mai kwaɓa siminti ba. Ta miƙo kofi ta ce, "Baba, ka rame." Ni kuwa, sakaran tsoho, na ci gaba da haddar da nake zuba wa kowa: shekarar girbin inabin, irin gangar da aka adana giyar a ciki. Har "Madam" na ce mata. Kowa ya tofar, ita ta shanye, yadda 'yan gida ke yi. Motar da za ta mayar da su jirgi ta tashi.

Akwai kwalbar giyar da na ajiye a shekarar haihuwarta don ranar bikinta. Ban je bikin ba. Ni da kwalbar muka rage a gidan. Jirginsu zai sake tsayawa a tashar garin Pinhão ranar Alhamis, awa biyu kacal. In na je ta juya min baya fa?

Tsohon Malami

Malam,

Na ji ciwonka. Uban da ya ci buri ga karatun 'yarsa dole ya ji zafi, kuma kunya ce ta ɗaure maka harshe ranar Litinin, ba ƙiyayya ba. Amma duba nata ɓangaren. Gonaki nawa ne a bakin kogin nan? Amma wadda kake aiki a ciki ta zo, kuma ita ta fara cewa Baba.

Tana iya juya baya, tana da hujja. Duk da haka ka je. Ka riga jirgin isa, da kwalbar da kofi uku, don in maginin yana tare da ita shi ma ya sha. Kada ka yi bayanin ganga, kada ka kawo zancen jami'a. Ka ce, "Na yi kuskure, Graciete," ka yi shiru. Shekara talatin kana magana ana saurare, wannan karon kai ne ɗalibi.

Ina maka fatan komawa gida da kwalba ba komai a ciki.

Otília