Hannun Abba Yana Magana, Umma

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Ummata.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifiyarta, ina fatan makwancinki da haske da sanyi. Kin san ni da nauyin baki, shi ya sa na zaɓi rubutu.

Umma, gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ya yi shiru. Da can, duk da Abba kurma ne, hira ba ta yankewa, don kina tsakaninmu. Ya motsa hannu, ki juyo ki ce, "Abbanki ya ce ki ajiye littafin nan ki ci abinci." Sai in yi murmushi in koma kan littafina na soyayya. Ruwa, abinci, sannu, iyakar abin da na iya da hannu ke nan. Ban taɓa zaton zan buƙaci ƙari ba.

Ina tuna ki da safe kina shirin kotu ko asibiti, tafintar kurame, mayafi mara ado, ba zobe ba awarwaro. Ko da Sallah ba kya ƙunshi. Kikan ce, "Hannun tafinta bakin wani ne, ba a yi masa kwalliya."

Lokacin zaman makokinki kurame suka cika tsakar gida, daga Unguwa Uku, daga Babban Giji, har da matar da kika tsaya wa a shari'ar gadonta. Hannuwa na ta tashi, hawaye na zuba. Na san labarinki suke yi, amma ko kalma ban tsinta ba.

Ran Juma'ar nan Abba ya zaunar da ni bayan la'asar, ya yi min doguwar magana da hannu. Na riƙa gyaɗa kai. Ya gane ban gane ba, Umma. Ya sauke hannu a cinya, ya tashi ya fita. Daga ranar sai gaisuwa kawai.

Na hau adaidaita har Daurawa wurin Anti Rifkatu, abokiyar aikinki 'yar Jos, na kwaikwaya mata ɗan abin da na riƙe. Wallahi ƙin fassarawa ta yi. Ta ce ku tafintoci ba kwa fassara rabin magana, ba kwa cike wa mutum zancensa da zato, in koma wurin mai maganar. Abu ɗaya ta koya min: yadda ake cewa "maimaita min, a hankali."

Jiya na yi wa Abba alamar. Yatsuna suka harɗe, sai da na sake. Ya daɗe yana kallona, sannan ya jawo tabarma ya fara daga farko. Sunanki kawai nake ganewa, yatsa biyu a kumatu, yana ta dawowa. In na ɓace sai in sake roƙo, shi kuma bai gaji ba.

Allah Ya jiƙanki, Ummata, Ya sa duk maganar da kika isar ta zame miki haske. Ni kuma Ya bar min Abba har in ji ƙarshen zancen.

Taki har abada,
Hafsa